In Aiki Ya Cije, Sai A Dubi Ƙasa

'Yan'uwa manoma, a wannan fitowa muna so mu yi magana a kan mutanen da ba a cika yin maganarsu ba, watau waɗanda ke ɗauke da nauyin ƙungiyoyinmu na gama kai: shugaba, da magatakarda, da ma'aji, da malamin gona, da uwargidan da ke riƙe da asusun mata. Su ne na farkon zuwa taro, su ne na ƙarshen tashi. In taki ya makara su a ke zagi, in bashi ya ƙi fitowa su a ke tuhuma. Kowannensu kuwa yana da gonarsa da iyalinsa, wani ma yana koyarwa a makaranta ko yana aikin asibiti. Irin waɗannan mutane ba su cika faɗuwa farat ɗaya ba. Sai dai ka ga mutum yana ta kai da kawowa kamar jiya, amma zuciyarsa ta riga ta ajiye aikin.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne wata ziyara da muka kai Garu, cikin ƙasar Illela ta Jihar Sakkwato. Wanda bai san wurin ba, Illela tana arewa da birnin Sakkwato wajen mil 50, a bakin iyaka, tana fuskantar Birnin Ƙonni ta ƙasar Nijar. Ƙasar rairayi ce, ta gero da dawa da wake, ga albasa a fadamu da rani, ga babbar kasuwar dabbobi ran Lahadi. Mutanen nan rabin abincinsu yana cikin gona ne, rabin kuma yana kan hanya. Saboda haka sa'ad da Gwamnati ta rufe iyaka a watan Agusta 2019, har zuwa Disamba 2020, kowa ya ji a jikinsa. Aka sake rufewa a Agusta 2023 bayan juyin mulkin Nijar, sai a Maris 2024 aka buɗe. A cikin 2023 ɗin nan kuma aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota da na ban ruwa suka tashi.

A can muka tarar da magatakardan wata ƙaramar ƙungiya, malamin makaranta ne, mutum mai ƙwazo. Ba za mu faɗi sunansa ba. Ko gaisuwa ba mu gama ba sai ya jawo littattafan ƙungiya cikin wata leda, ya ajiye gaban dattijon da ya jagorance mu, ya ce, "Baba, ga kayanku. A nemi wani. Ni dai na yi iyakar ƙoƙarina." Ya ce shekara 3 ke nan suna renon ƙananan itatuwa, dogon yaro da turare, mata suna ɗebo ruwa tun asuba, da damina a dasa, kafin bazara awaki da gara da zafin rana sun cinye. Ga bashin taki an ƙi biya. Ga taro in ya kira, rabin mutane ba su zuwa. Kullum yana cikin aiki, amma bai ga inda aikin ya matsa ba.

Da mu ne, da mun fara ba shi haƙuri nan take, mu ce masa ya daure. Haka muka saba, kuma mun sha ganin ba ya magani. Mutumin da ya gaji in ka ce masa ya daure, abin da ya ke ji shi ne ka ce ya ci gaba da yin abin da ya gajiyar da shi. Dattijon nan bai taɓa littattafan ba, bai kuwa mayar masa da su ba. Ya bar shi ya yi ta magana har ya ƙare. Sa'an nan ya ce, "Malam, bari in ba ka labarin wani da ya fi ka gajiya, a nan bayanmu, Maraɗi."

Abin da ya faru a Maraɗi

Labarin sananne ne, amma ya kamata kowane mai riƙe da ƙungiya ya ji shi dalla-dalla. A 1981 wani saurayi masanin aikin gona, mutumin Ostareliya, mai suna Tony Rinaudo, ya zo Nijar tare da matarsa a ƙarƙashin mishan ta S.I.M., wadda ta buɗe asibitin Galmi a 1950. Aka ba shi aikin dashen itatuwa a ƙauyukan Maraɗi. A lokacin ƙasar ta zama fili fetal. Farin shekarun 1970 ya wuce, an sare daji domin gyaɗa da gero da itacen wuta, iska tana kwashe ƙasa. Manomi ya kan yi shuka sau biyu ko sau uku, gama da zarar gero ya tsiro sai rairayi ya binne shi ko ya yanke shi.

Maganin da kowa ya sani shi ne a yi reno a dasa. Haka Gwamnati ke yi, haka ƙungiyoyin Turawa ke yi, haka shi ma ya yi. Cikin itatuwa 10 da wuya 2 su rayu. Manoma kuwa ba su da sha'awa, domin lokacin dashe shi ne lokacin da noman fari ya taso, ba wanda zai bar geronsa ya je ya yi hidimar itacen da ba zai amfane shi ba sai bayan shekaru. Mutumin nan ya shekara 2 yana wannan fama. Shi da bakinsa ya faɗa cewa har ya fara tunanin tattara kayansa ya koma gida.

Ran nan a 1983 yana tafe da mota cike da dashe zuwa wani ƙauye, sai ya tsaya domin ya rage iskar taya saboda rairayi. Ya dubi gabas da yamma, ba itace ko ɗaya na kirki, ya ga ko shekara nawa zai yi yana dashe ba zai rufe wannan fili ba. Ya ce a nan ya yi addu'a, ya roƙi Allah ya buɗe masa ido. Sai hankalinsa ya kai kan wani ɗan tsiro a gefen hanya, irin waɗanda ya ke wucewa kullum yana ɗaukarsu ciyayi ne marasa amfani. Ya matsa ya duba ganyen. Ashe itace ne, an sare shi, kututturen yana ƙoƙarin sake tohowa. Da ya ɗaga kai sai ya ga irinsa ko'ina cikin gonaki, ba iyaka. Saiwoyinsu suna nan da rai a ƙasa, sun riga sun kai ga laima tun shekaru. Kowace shekara su toho, kowace shekara manomi ya zo da sassabe ya sare ya ƙone. Shi ya sa ya kira abin daji na ƙarƙashin ƙasa.

Ku lura, 'yan'uwa. Ba a ƙara masa kuɗi ba ran nan, ba a aiko masa da sabuwar mota ba, ruwan sama bai ƙaru ba. Gonakin da ya gani da safe su ne ya gani da rana. Tambayarsa ce ta sake. Da yana cewa, yaya zan yi in dasa itatuwa su rayu? Yanzu sai ya ce, yaya zan yi mutane su bar itatuwan da ke nan su girma?

Kada kuwa a ɗauka daga nan sai sauƙi. Manoma kaɗan ne suka yarda su gwada, sauran suna yi masa kallon mahaukaci, gama a al'ada gona mai tsabta ita ce gonar mutumin kirki, wanda ya bar sabara a gonarsa rago ne. Waɗanda suka gwada ma, da dare wasu su kan zo su sare musu. Akwai kuma wata matsala wadda ta fi waɗannan. A dokar wancan zamani itace na Gwamnati ne, in ma'aikacin gandun daji ya kama ka ka sare reshe a gonarka sai tara. To, wa zai rena abin da zai jawo masa tara? Gara ya kashe shi tun yana ƙarami.

Sai ga yunwar 1984. A watan Mayu na shekarar Gwamnatin Seyni Kountché ta kira babban taro a Maraɗi a kan gurgusowar hamada. Mishan kuma ta shiga raba abinci a kan aiki cikin ƙauyuka kusan 100, aka sa sharaɗi cewa mai karɓar hatsi ya bar itatuwa su tashi a gonarsa. Ma'aikatan gandun daji na Maraɗi suka sassauta, aka yarda manomi ya ci amfanin abin da ya rena. An kiyasta itatuwan da aka tsare a lokacin sun kai 500,000. Da damina ta yi kyau, rabon abinci ya ƙare, aka sare wajen kashi 2 cikin 3.

Nan ne wurin da mu ke so magatakarda da ma'aji su tsaya su yi tunani. Mai rubuta rahoto zai ce aiki ya lalace, kashi 2 cikin 3 sun tafi. Amma kashi ɗayan da ya rage fa? Waɗannan manoma ba wanda ya tilasta musu, sun ga geronsu bai ragu ba, iska ta daina yanke shuka, mata sun sami itacen wuta kusa da gida, dabbobi sun sami ganye da rani. Maƙwabta suka gani, gani kuwa ya kori ji. Abin ya yi ta bin ƙauyuka daga baki zuwa baki, har manoma suka sa masa suna sassabin zamani. Bayan shekara 20 masu bincike, cikinsu har da Chris Reij da Gray Tappan, suka gwada hotunan sama na 1975 da na wajen 2005, suka kiyasta gonakin da suka farfaɗo a Nijar sun kai hekta miliyan 5, watau fiye da eka miliyan 12, da itatuwa kimanin miliyan 200. Sun kuma kiyasta ƙarin hatsin da a ke samu ya kai tan 500,000 a shekara. Abin da zai ɗan sosa mana rai, mu na wannan gefe, shi ne a wasu wurare hoton sama yana nuna iyaka sarai, gefen Nijar ya fi namu itatuwa, alhali mu muka fi su ruwan sama.

Gaskiya ta sa mu ƙara da cewa ba mutum ɗaya ne ya yi wannan aiki ba, shi ma bai taɓa cewa haka ba. A ƙasar Damagaram manoma sun daɗe suna renon gawo, tun sarakunansu na dā sun hana saransa. Kakanninmu ma sun san gawo: yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa, da rani kuwa ya yi kore, dabbobi su ci 'ya'yansa su bar taki a gindinsa. Da tsohuwar zuma a ke magani. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a ƙasar Suwidin, tare da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso wanda ya gyara tsohuwar dabarar haƙa ramuka a faƙo ana zuba taki. Wannan dabara ma tana da labarinta. A 1989 wasu manoma daga Illela ta Nijar, wadda ke cikin jihar Tawa, ba tamu ta Sakkwato ba, suka je Yatenga suka gani da idonsu, suka dawo suka fara haƙawa. Ita ce tassa da a ke yi a can har yau.

Komawa Garu

Da dattijo ya gama, bai ce wa malamin nan ya ga darasi ba. Sai ya ce, "Tashi ka kai mu gonarka." Muka tafi da ƙafa. Lokacin kuwa an fara sassabe, ga tarin sabara da kalgo an sare an jibge ana jiran wuta. Dattijo ya ce ya ƙirga kututturan da ke toho a tsakanin iyakarsa da ta maƙwabcinsa. Ya fara kamar mai jin kunya. Ga kalgo, ga sabara, ga magarya, ga aduwa guda, ga ƙaramin gawo da shi kansa bai san da shi ba. Da ya haura 30 sai ya daina, ya yi dariya, ya ce, "Baba, shekara 3 ina sa mata ɗebo ruwa."

Muka dawo inuwa, dattijo ya ce a buɗe littafin bashi. Malam ya fara karanta sunayen waɗanda suka ƙi biya, ya haddace su kamar karatun allo. Dattijo ya tare shi, ya ce, "A'a. Karanta mini waɗanda suka biya." Sai da ya yi ta juya shafi, domin bai taɓa jera su wuri ɗaya ba. Ashe suna da dama, yawancinsu kuwa mata ne, da masu albasar rani. Dattijo ya tambaye shi wane wata su ke biya. Ya duba ya ga ba da kaka ba ne, sai bayan an cire albasa. Ƙungiya kuwa ta ɗaure ranar biya da kaka, lokacin da gero ba shi da daraja a kasuwa, kowa kuma yana tsoron taɓa rumbunsa. Watau wasu da a ke kira masu taurin bashi, ranar ce aka sa musu ba daidai ba. Ba duka ba, akwai waɗanda ko yaushe aka sa ba za su biya ba, kowace ƙungiya tana da irinsu.

Mun lura cewa tun daga farko har ƙarshe dattijon nan bai ba da shawara ko ɗaya ba. Tambaya kawai ya ke yi, sa'an nan ya yi shiru ya jira. Wannan shirun shi ne ya fi yi mana wuya, mu masu yawon ƙungiyoyi, domin mun saba zuwa da amsa a aljihu, mu zazzage mu hau babur. Amma mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Malamin nan ya fi mu sanin mutanensa nesa ba kusa ba. Abin da ya rasa shi ne wanda zai zauna da shi har ya ɗaga kai daga shafin da ya ƙura wa ido. Mai yawan aiki ba shi da lokacin duba aikinsa. Rinaudo ma sai da rairayi ya tsayar da shi.

Akwai tambaya guda da dattijo ya yi wadda mu ke so kowane shugaba ya riƙe. Ya ce, "Cikin abubuwan nan da ka lissafa, wanne ne a hannunka?" Rufe iyaka ba a hannunsa ya ke ba. Kuɗin taki da na fetur ba a hannunsa su ke ba, ruwan sama balle. Ya kwana yana juyi a kansu ba zai sake kome ba. Ranar biyan bashi kuwa a hannun ƙungiya ta ke, taro ɗaya ya isa a sake ta. Sassaben gonarsa a hannunsa ya ke, ba sai ya nemi izinin kowa ba. Lokacin taro ma haka: ya gane yana kiransa ne a ranar da mutane ke shirin kasuwa.

Kada dai mu yi wa kanmu daɗin baki. Ba kowace gajiya ce sake tunani ke warkarwa ba. Wani ma'aikacin aikin mutum uku aka ɗora masa, maganinsa a rage masa kaya, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wani ba shi da lafiya ne, asibiti ya ke bukata. Wani kuma lokacin saukarsa ne ya yi, sai a sallame shi da godiya, ba da gori ba. Mun taɓa yin kuskuren lallashin wani ma'aji ya zauna alhali ya kamata ya huta, ƙarshenta lissafi ya rikice, zumunci ya ɓaci. Mai ba da shawara in bai iya bambanta waɗannan ba, gara ya yi shiru. Haka kuma ba mu ce a rushe wurin reno ba. Mangwaro da gwaiba da zogale sai an shuka, shingen dogon yaro kuma ya yi amfani a wurare da yawa, kamar kwarin Maggiya inda aka fara dasa shi tun 1975 domin tare iska. Inda kututture ya mutu, ba abin da zai toho.

Ga wanda ke so ya gwada sassabin zamani bana, aikin ba shi da wuya. Kafin ka sa gatari, zaga gonar ka zaɓi kututturan da ka ke so. A kowane ɗaya ka bar rassa 3 zuwa 5 waɗanda suka fi ƙarfi da miƙewa, ka sare sauran. Waɗanda ka bari, ka rage musu ƙananan rassa daga ƙasa zuwa rabin tsawonsu, kada ka wuce haka don kada iska ko akuya ta karya su. Lauje ko adda ta zama mai kaifi, ka riƙa sara daga ƙasa zuwa sama domin kada ɓawon ya yage. Ɗaura tsumma a jiki, mai neman itace ya san da mai shi. Bayan 'yan watanni ka koma ka sake gyarawa, abin da ka sare kuwa na murhu ne, ganyen ka bar shi a ƙasa. Tun da saiwar tsohuwa ce, za ka ga girman da ya ke yi cikin damina ɗaya ya wuce na dashe. Amma kafin kome, ku zauna da mai gari da makiyaya da ma'aikacin gandun daji a yi magana a fili, a san wa ke da itacen da wa zai ci amfaninsa. Mutanen Maraɗi sun koya mana cewa in ba a warware wannan ba, dare ɗaya ya isa a share aikin shekara.

Da za mu tashi daga Garu, dattijo ya tambayi malam abu ɗaya da zai yi kafin mu dawo, ɗaya tak, da ranar da zai yi shi. Ya ce zai hana yaransa ƙone sassaben gefen gabas, ya gyara kututture 10 ran Asabar. Zancen ranar biyan bashi kuwa zai kai shi gaban taro na gaba, ko da ya ke yana shakkar shugaba zai yarda, gama shugaban ne ya sa ranar tun farko. Dattijo ya ce ya fara samunsa a gida su biyu kafin taro, kada ya ji maganar a bainar jama'a. Bai ce ya fasa ajiye aikin ba, mu ma ba mu tambaye shi ba. Ledar littattafan dai shi ya ɗauka ya rataya a kekensa. Mun yi da shi za mu koma bayan noman fari mu ga gefen gabas ɗin.